Ni na ɗora bidiyon da ya ja wa Yaya asarar ƙirƙirarsa

1/ Jama'a, ku ba ni aron hankalinku. Zaren nan yana da tsawo, kuma wasu za su ji haushi, musamman masu shafukan nan na "ku yi ta sharin har ya kai ga gwamna". Ba komai, ku ji. Ni ma ɗan ƙungiyarku ne har zuwa bara, kuma da hannuna na yi ɓarnar da zan ba ku labarinta.

2/ Ina da yaya, ɗan wan babana, mai walda ne a Maiyama. Karatunsa bai wuce aji uku na sakandare ba, amma in ka ba shi ƙarfe da injin walda sai ka rantse digiri gare shi. Shekara biyu ya yi yana fama da abu ɗaya: yadda za a ajiye albasa daga lokacin cira har damina ta yi nisa ba ta ruɓe ba.

3/ Wanda ba ɗan yankinmu ba sai an yi masa bayani. Daga Aliero zuwa Jega zuwa Maiyama, albasa ita ce kuɗin makaranta, ita ce kayan ɗakin amarya, ita ce kujerar Makka. Lokacin cira kowa ya kawo tasa kasuwa, farashi ya faɗi ƙasa warwas, manyan motoci su yi lodi su nufi kudu. Wanda ya iya riƙe tasa wata huɗu ko biyar shi ke cin riba.

4/ Riƙewar ce aiki. Iyayenmu suna zuba ta a rudu, rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa. Dabara ce mai kyau, ba na raina ta. Amma in zafin bazara ya haɗu da laimar farkon damina, guda ɗaya ta ruɓe sai ta ja maƙwabtanta. Ka buɗe rudu ka ji wari, ka san kuɗinka ne ke wari.

5/ Abin da Yaya ya haɗa: firam na ƙarfe, kantoci na ragar waya hawa-hawa, bututu baƙi a tsakiya da rana ke gasawa ya ja iska mai zafi sama, da ƙaramar fanka mai aiki da sola a ƙasa. Kowa zai iya ganin wannan. Inda basirar take shi ne tazarar kantocin, da faɗin bututun, da inda iska ke shiga. Sai da ya ɓata ƙarfe mai yawa kafin ya dace.

6/ Na zo hutu, na gani, kaina ya ɗau zafi. Na ce Yaya tsaya nan. Na kunna waya. Na sa shi ya yi bayanin komai, har da ɗauko tef ya auna tazarar a gaban kyamara, don mutane su yarda ba ƙarya ba ce. Na ɗora a Facebook da TikTok da rubutun da kun haddace: matashi ya ƙirƙiro kaza, muna kira ga gwamnati ta taimaka.

7/ Bidiyo ya tashi. Kwana uku ban yi barcin kirki ba ina kirga laik. "Masha Allah." "Arewa akwai basira." "Da a Turai ne da tuni ya zama biloniya." Wani ɗan siyasa ya aiko a kawo shi, aka yi hoto ana musabaha, aka miƙa ambulan. Abin da ke ciki bai kai kuɗin ƙarfen guda ɗaya ba. Hoton kuwa ya yi wa mai gidan aiki har a fosta.

8/ Ba a yi wata biyu ba wani ya turo min hoto. Abin Yaya ne sak, a ƙofar wani shagon walda a wani gari, an shafa masa koren fenti, an rubuta lambar wayar wani a jiki. Ya fi na Yaya araha, don ƙarfen ya fi siriri. Bayan sati biyu aka turo na wani shagon daban.

9/ Na kai wa Yaya hoton ina huci, ina cewa sai mun yi ƙara. Ya kalla, ya ƙara kalla, ya ce: "To ɗan boko, mi za mu ce ma alƙali? Ba kai ka nuna musu da tef ba?" Ya koma kan aikinsa. Wallahi da marina ya yi da ya fi min sauƙi.

10/ Da na koma makaranta na nemo dokar na karanta da kaina. Sunanta dokar mallakar ƙirƙira da zane, ta 1970, kuma da ita ake aiki. Ba ta da tsawo, tana intanet kyauta. Duk wanda ke da shafi mai mabiya dubu goma yana ɗora ƙirƙirar yaran mutane, ya kamata a ce ya karanta sashe na 1 da na 2 kafin ya sake danna komai.

11/ Takardar mallakar ƙirƙira, wadda ake kira fetent, sharaɗi uku gare ta. Abin ya zama sabo. Ya zama akwai basira a ciki, ba abin da duk ma'aikacin fannin zai gano yana hamma ba. Kuma ya zama ana iya ƙera shi ko amfani da shi a sana'a, har da noma. In ka samu, shekara 20 ce daga ranar da ka shigar da takarda, kana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara.

12/ Kalmar "sabo" ita ce ramin da na jefa Yaya. A wurin doka, abu ya daina zama sabo da zarar an bayyana shi ga jama'a kafin ranar shigar da takarda, a ko'ina a duniya, da rubutu ne, da baki ne, ko da amfani da shi a fili. Ba ta ce sai in wani ne ya bayyana ba. Ko kai mai abin ne ka bayyana, ka kashe shi.

13/ Rangwame ɗaya na gani a ciki: in a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi ka nuna, kana da wata shida ka shigar da takarda. TikTok ba baje kolin da hukuma ta amince da shi ba ne. Sitatus na WhatsApp ma haka. Hirar gidan rediyo ma haka.

14/ Ku sake karanta na 12. Duk bidiyon da muke yi da niyyar taimako, muna sa yaro ya buɗe cikin injinsa ya nuna waya-waya, muna ƙwace masa damar da doka ta ba shi ne, mu musanya masa da laik. Mu mun samu mabiya. Mai girma ya samu hoto. Mai koren fenti ya samu kasuwa. Ku faɗa min abin da yaron ya samu.

15/ Sashe na 2 kuma ya ce haƙƙin na wanda ya riga shigar da takarda ne, ko shi ne ya ƙirƙira ko ba shi ba. Eh, haka yake a rubuce. Mai ƙirƙira na gaskiya yana da haƙƙin a sa sunansa, kuma in aka tabbatar wani ya kwashi aikinsa ba da izini ba, haƙƙin yana komawa gare shi. Amma "in aka tabbatar" ɗin nan, da me za ka tabbatar?

16/ Da littafi. Littafin rubutu na ɗari biyu ko uku, ka riƙa zana abin da ka gwada, ka sa kwanan wata, mutum biyu da ka amince da su su sa hannu. Rasit na kayan da ka saya ka manna. Yaya shekara biyu yana aiki, ko layi ɗaya bai rubuta ba. Komai yana kansa, sai kuma bidiyona.

17/ Maganar riga shigarwa ba yau ta fara cin mutane ba. Ranar 14 ga Fabrairu 1876, takardun Alexander Graham Bell da na Elisha Gray kan wayar tarho suka isa ofishin rajista na Amurka a rana ɗaya. An yi shekaru ana shari'a da gardama a kai. Yau ɗan firamare ya san Bell. Gray kuwa, ku faɗi gaskiya, nawa cikinku suka taɓa jin sunansa?

18/ Na san abin da wasu ke shirin rubutawa: "Malam, Najeriya ce fa, wace doka?" Ku tsaya, ban zo in sayar muku da takarda a matsayin laya ba. Akwai abin da ya kamata ku sani game da ita wanda masu kwasa-kwasan "zama miloniya da basirarka" ba za su faɗa muku ba.

19/ Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta tarayya. A tsarin dokarmu, ofishin yana duba ko takardunka sun cika ne. Ba ya bincika ko abin naka sabo ne da gaske. Dokar da kanta ta ce ana ba ka takardar ne a kan kasadarka, babu lamunin ingancinta.

20/ Ma'ana, ko yau Yaya zai iya cike fom, watakila ma a ba shi satifiket mai hatimi ya rataye a shago. Amma ranar da ya kai mai koren fenti Babbar Kotun Tarayya, lauyan wancan zai kunna bidiyona a gaban alƙali da kwanan watansa, a soke takardar. Ni ne zan zama babban shaidan abokin gaba.

21/ Sannan takardar Najeriya a Najeriya take aiki. Mu 'yan Kebbi wannan ya shafe mu fiye da kowa, don Nijar da Benin a bayan gidanmu suke. Ka tsallaka Kamba ka shiga Gaya, takardarka ta zama takardar ƙunsa ƙosai. Su suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, ƙasashe 17, rajista ɗaya ta rufe su duka. Najeriya ba ta ciki.

22/ Akwai hanya: in ka shigar a nan, kana da wata 12 ka shigar a wata ƙasa da kwanan watan farko, ƙarƙashin yarjejeniyar Paris. Najeriya kuma ta shiga yarjejeniyar PCT a 2005, wadda ke ba ka damar neman ƙasashe da yawa da takarda ɗaya. Amma wannan maganar kuɗi ce mai nauyi, ba ta mai walda a Maiyama ba. Ban ɓoye muku ba.

23/ Abin da ya fi kusa da aljihunmu shi ne NOTAP, hukumar tarayya da ke kula da harkar fasaha. Tana taimaka wa masu ƙirƙira 'yan ƙasa su tsara takardun fetent su shigar, kuma ta buɗe ofisoshin mallakar fasaha a jami'o'i da cibiyoyin bincike da dama. Ɗalibi, ka tambaya ko makarantarku tana da shi. Kafin bidiyo, ba bayan bidiyo ba.

24/ Yanzu ga ɗaya ɓangaren, don su ma ba zan ƙyale su ba: 'yan "ina da wata aidiya amma ba zan faɗa ba kar a sace". Kowane hostel akwai su. Shekara huɗu yana rungume da aidiya kamar ƙwai, bai taɓa sayen ko ƙusa ɗaya ba. Ɗan'uwa, ba wanda zai sace maka, don babu abin sata.

25/ Doka ba ta kare tunani tsirara. "Injin da zai hana albasa ruɓewa" ba ƙirƙira ba ce, buri ne, kuma duk manomin Aliero yana da shi tun kafin a haife ka. Abin da ake karewa shi ne yadda ka yi: wane sashe, haɗe da wane, yana aiki ta yaya, a rubuce dalla-dalla yadda wani ma'aikacin fannin zai iya bi ya ƙera.

26/ Wannan kuma amsa ce ga malaman kwament masu cewa "ilimi ba a ɓoye shi, ku bar mutane su amfana". Fetent ba ɓoyewa ba ce. Ciniki ne: ka bayyana wa duniya komai a rubuce, a ba ka shekara 20 ka ci gumin ka, bayan nan ya zama na kowa. Abin da ke binne ilimi shi ne mai shi ya mutu da shi a kai don tsoron a kwaikwaya.

27/ Kuma mai cewa a bar mutane su amfana, in ya isa ya je kasuwar Jega ya ɗauki buhun shinkafar wani ya ce jama'a za su amfana. Ƙarfen da Yaya ya ɓata shekara biyu yana gwaji, da kuɗin cefanen gidansa ya saya.

28/ Bari in ba ku labarin mutumin da ya yi abin yadda ya kamata, kuma ɗan Arewa ne. Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, daga gidan magina tukwane ya fito. Tukunya biyu, ƙarama cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama. Ruwa yana tsotsewa ta jikin tukunya, ciki yana yin sanyi. Firij ba wuta.

29/ Sanyaya ruwa da tukunyar ƙasa tsohon abu ne, kakanninmu sun san randa. Aikinsa shi ne abin da ya biyo baya. Ya gwada, ya auna kwana nawa kowane kaya ke yi: yalo da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Ya ɗauki magina aiki, ya yi tukwane 5,000 da kuɗin aljihunsa ya raba a ƙauyuka. Har wasan kwaikwayo ya sa aka shirya ana nunawa don mata su gane amfaninsa.

30/ A 2000 ya ci kyautar Rolex, dala 75,000. Dabarar ta kai har Sudan. Ku lura da jerin: gwaji, aunawa, ƙerawa da yawa, kai wa masu buƙata, sannan duniya ta zo da kyamara. Mu mun juya jerin. Kyamara muke fara kira, sauran kuma mu bar wa gwamna.

31/ (Kafin wani ya ce to a zuba albasa a tukunyar: a'a. Tukunyar sanyi da laima take bayarwa, ta dace da tumatir da tattasai da ganye. Albasa busasshiyar iska take so. Ka sa ta a laima ka gama da ita.)

32/ Abin da ya raba abin nuni da kayan sayarwa tambayoyi ne marasa daɗi, waɗanda ba sa kawo laik. Buhu nawa yake ɗauka? Nawa aka kashe a guda ɗaya, har da ladan walda da kuɗin mota? In manomi ya saya, kaka nawa zai yi kafin kuɗinsa ya dawo? In fanka ta mutu, ana samunta a Jega ko sai an aika Kano? Ranar da na yi bidiyo ko ɗaya ban tambaya ba.

33/ Kuma hujja. "Wallahi yana aiki" ba hujja ba ce. Ka ɗauki albasar gona ɗaya, cirar rana ɗaya, ka raba biyu, rabi a rudu rabi a naka. Ka auna nauyi ranar zubawa, ka auna duk sati biyu, ka ƙirga ruɓaɓɓu ka rubuta. Dillalin albasa ba ya jin turanci, amma yana jin "buhu goma na zuba, kaza na kwashe".

34/ Nan ne mu 'yan jami'a ya kamata mu ji kunya. Jami'ar kimiyya da fasaha tana Aliero, kasuwar albasa tana Aliero. Ilimin auna zafi da laima da gudun iska yana hannunmu, hannun ƙira yana wurin su Yaya. Amma in mun je shagonsu, waya muke fitarwa, ba ma'auni ba.

35/ Furojet ɗin ajin ƙarshe kuwa, kowa ya san yadda muke yi da shi a makarantun ƙasar nan. A haɗa abu ya yi aiki minti goma ranar difens, a samu maki, a jingine shi a bayan dakin gwaji ƙura ta rufe. Wanda ya yi abin kirki ma bai san na wa ne ba, nasa ko na makaranta.

36/ Tambayar tana da muhimmanci. Dokar ta ce abin da ka ƙirƙira a bakin aikin da aka ɗauke ka, ko a kwangilar da aka ba ka, haƙƙin na mai aikin ne, sai dai a wasu halaye a biya ka lada. Jelani Aliyu, wanda ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007. Sunan nasa ne, motar ta General Motors ce.

37/ Don haka yaron shago, ɗalibi mai amfani da kayan makaranta, wanda wani Alhaji ya ba kuɗin gwaji: ku yi maganar "na wa ne" tun ana dariya, ku rubuta, kowa ya sa hannu. Haka in za ka kai wa mai dalma ko mai lantarki wani sashe ya yi maka, takarda ɗaya cewa ba zai nuna wa kowa ba kuma ba zai ƙera nasa ba. In ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka ce ko bashi ma an ce a rubuta.

38/ Sai abin da bidiyona bai iya kashewa ba, wanda kuma a ganina ya fi fetent amfani ga irin su Yaya: suna. Alamar kasuwanci ba ta buƙatar abin ya zama sirri. Ka zaɓi suna da tambari, ka yi rajista a wancan ofishin na Abuja, shekara 7 a karon farko, sannan sabuntawa duk shekara 14, ba iyaka.

39/ Kar ku rikita ta da rajistar CAC. CAC sunan kasuwancinka take yi wa rajista don ka buɗe asusun banki ka yi hulɗa da hukuma. Ba ta hana wani buga tambarinka a jikin kayansa. Mutane da yawa suna rataye satifiket na CAC suna zaton sun gama. Akwai kuma rajistar siffar kaya, shekara 5 da ake sabuntawa sau biyu, amma ita ma sai siffar tana sabuwa.

40/ Mu da muke kusa da Aliero bai kamata a koya mana darajar suna ba. Me ke sa a ɗauko mai karaya daga wata jiha, a wuce garuruwa, a kawo shi wurin masu ɗorin Aliero? Masu ɗori suna ko'ina. Sunan ne, da aikin da ya tsaya a bayan sunan shekara da shekaru.

41/ In kuna zaton suna ba a sace shi, ku tambayi 'yan'uwanmu na Galmi a jihar Tawa. A 2006 wani kamfanin iri na Senegal, Tropicasem, ya nemi OAPI ta ba shi mallakar irin albasa da sunan Violet de Galmi, albasar da manoman Hausa suka raina kaka da kakanni. Manoman Nijar suka tashi tsaye, kamfanin ya koma kiran nasa Violet de Damani.

42/ Ba su tsaya a zanga-zangar baki ba. Sun bi hanyar takarda har OAPI ta yi wa albasar Galmi rajista a matsayin kayan da sunan yankinsa ke karewa, tare da kilishin Nijar, aka miƙa takardun a Yamai a 2023. Mu kuma albasarmu tana isa Legas da Fatakwal a buhun da ba ko harafi ɗaya a jiki. Ƙungiyoyin manoma da dillalai, dokar alamar kasuwanci ta 1965 tana da tsarin alamar shaida. Wa ya taɓa zama ya duba?

43/ Masu shafuka, ga roƙona, kuma ba da wasa nake ba. In yaro ya kawo muku abin da ya haɗa, tambayar farko: ka shigar da takarda? In bai yi ba, ku nuna abin da injin ke yi, kar ku nuna yadda yake yi. Albasa ta shiga, albasa ta fito lafiya bayan wata huɗu, ya isa. Kar a buɗe ciki, kar a auna, kar a ce "yi mana bayani dalla-dalla". Ko hakan ma ya fara jin shawarar wanda ya san dokar.

44/ Kuma ku daina rufe kowane bidiyo da "gwamnati ta taimaka". Kun mai da mai basira almajiri. Ku sa farashi, ku ce ana karɓar oda, ku ce ana neman dillali biyar da za su gwada. Mutum ɗaya da ya biya kuɗin kafin alƙalami ya fi sharin dubu hamsin.

45/ Inda muke yanzu: na mai koren fenti ya fara lanƙwashewa in an cika shi, don ƙarfen bai kai ba, kuma akwai abu ɗaya game da ƙofar iska ta ƙasa da Yaya ya canza bayan bidiyon. Wannan ba wanda ya gani. Yana cikin littafi, da kwanan wata, da sa hannun mutum biyu. Ni ma sai da na sa hannu cewa ba zan ɗauka ba kafin ya bari na leƙa.

46/ Mun zaɓi suna, muna tara kuɗin rajistar alama. Kuma mun daina tunanin sayar wa manomi kai tsaye, don kuɗin ya yi masa yawa a lokaci ɗaya. Haya za mu gwada: ka kawo albasarka, a auna, ka biya kan kowane buhu a wata.

47/ Cirar bana muna neman mutum uku tsakanin Maiyama, Jega da Aliero masu rudu, waɗanda za su yarda a raba albasar gona ɗaya biyu a gwada, mu auna tare duk sati biyu har wata huɗu. In ta lalace a namu fiye da rudu, mu za mu biya bambancin. Mai sha'awa ya yi min magana ta inbok. Da ɗalibin injiniya ko na aikin gona mai na'urar auna laima da zai ba mu aro, mu za mu biya masa kuɗin mota.